Tarihin Haihuwa da Ungozomai a Ƙasar Maraɗi

 Kamar yadda munka saba, wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Babu ɗan ci-ranin da bai san faɗuwar gaban da ake yi ba in saƙo ya zo daga gida alhali ya baro iyali da tsohon ciki. Wani sa'i a ce mashi barka, an sauka lafiya, ran kaza suna. Wani sa'i kuma a ce shi yi haƙuri, ɗan ya koma, ko uwar ce ta cika. Don haka munka ga ya kamata mu waiwaya mu dubi tarihin wanga al'amari a ƙasarmu: yadda kakanninmu ke yi, abin da ya sake, da dalilin sakewarshi. Maganar ta mata ce, amma nauyinta yana kan maza. Hausawa kuwa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda iyayenmu sunka iske abin

A da, yarinya in ta sami ciki ba ta faɗi, kunya ba ta bari. Sai tsofaffi su gane da idonsu. In cikin fari ne, da ya kai wata bakwai sai a maida ta gidan iyayenta goyon ciki, can za ta haihu, can za ta yi jego. Wagga al'ada hikima ce babba, don yarinyar da ba ta san komi ba tana buƙatar uwa kusa da ita.

In naƙuda ta zo, mace kan shiga ɗaki ita kaɗai ta durƙusa, ba kuka, ba kira, don wadda ta yi raki ta bar ma kanta abin gori. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, ungozomar da ba ta karɓar haihuwa. Sai ɗa ya faɗo, an ji kukanshi, sannan a aika a kira ta. Aikinta shi ne yanke cibi, da wanke jariri, da binne mabiyiya a bayan ɗaki, da kula da wankan mai jego. Da ɓawon karan dawa mai kaifi ta kan yanke cibin, ko da wuƙa, daga baya reza ta zo. Sannan a riƙa gasa cibin safe da maraice har shi faɗi, wasu su barbaɗa mashi toka ko wani gari.

Nonon farko, wato dakashi, ba a ba jariri shi. Ana cewa bai da kyau, sai a tatse a zubar, a ba yaro ruwa, ko rubutu, ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. Daga baya a fara ba shi bauri. Kafin suna ko ranar suna wanzami shi zo, shi yi aski, shi cire beli. Uwa kuma ta shiga wankan jego na kwana 40 da tafasasshen ruwa da ganye, ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri da yaji, wasu wuraren har gado ake hura ma wuta a ƙarƙashi, don a fidda sanyi daga jikinta.

Kada wani yaro shi karanta wanga shi raina tsofaffi. Cikin abin da sunka bar mana akwai wanda likita har yau ke yabo: hutun kwana 40 da ake ba mai jego ba daka ba ɗaukar ruwa, abinci mai kyau da ake ware mata, goyo a baya, shayarwa har shekara 2, da gudun rurrutsa, wato sabon ciki kan goyo. Amma kuma ɗiya sun mutu da yawa. Shaidar tana cikin sunayenmu. Macen da ɗiyanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce mata mai wabi, in ta sake haihuwa sai a sa ma yaro suna irin su Ajefas ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Kuma kowa ya ji tsofaffi na cewa kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in.

Akwai wata cuta da ta fi kowace ba iyayenmu tsoro. Jariri shi zo lafiya, shi kama nono kwana biyu ko uku, ana shirin suna, sai kwatsam shi ƙi nono, baki shi ɗaure, jiki shi sandare yana zabura. Da wuya shi tashi. Mutane sun ɗora ma iska, sun ɗora ma mayu, an yi gaba tsakanin dangi a kan haka. Yanzu an san tsinkau-tsinkau ne, wanda likita ke ce ma tetanos. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta cibi take shiga, ta hanyar abin da anka yanke shi da shi ko abin da anka shafa mashi. Ita ƙwayar tana ɗaukar kamar mako guda kafin ta nuna kanta, shi ya sa mutuwar ke faɗowa daidai da kwanakin suna.

Zamanin Nasara

Da Faransawa sunka ci ƙasa, a 1905 sunka kafa ma'aikatar duba lafiyar ƴan ƙasa a yankinsu na Afirka ta Yamma, a 1918 kuma sunka buɗe makarantar likitoci a Dakar, inda har ƴan mata ake koya ma aikin ungozoma irin na zamani. To amma Dakar ina, ƙauyenmu ina? Gidajen likita sun tsaya a garuruwan da kwamanda ke zaune. Abin da talakan ƙauye ya sani na likita shi ne masu yawo gari gari suna yin lamba don agana, su wuce. A 1950 ƴan mishan sunka buɗe asibitin Galmi, a kan hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, mutane sunka riƙa zuwa can daga nesa. Duk da haka macen ƙauye ba ta zuwa likita haihuwa. Hanya da nisa, abin hawa jaki ne ko raƙumi, ma'aikatan yawanci maza ne, kuma a ganin mutanen lokacin haihuwa ba ciwo ba ce balle a kai ta likita. Haka Nijar ta karɓi mulkin kai ran 3 ga watan Agusta 1960, kusan duk haihuwar karkara tana hannun tsofaffi.

Akwatin ungozoma

A nan ne ƙasar Maraɗi ta shiga tarihi. Cikin shekarun 1960, zamanin Diori Hamani, lokacin da ma'aikatan animasiyo ke zagaya ƙauyuka suna zama da talakawa a gindin itace, sai su da likitocin jahar sunka yi wata shawara. Tun da gwamnati ba ta da ma'aikatan da za ta aje a kowane ƙauye, to kowane gari shi zaɓi nashi mutane a koya masu. Maza su zama sakuris, masu riƙon akwatin magani: nibakin don zazzaɓi, asfirin, jan magani don miki, da maganin ɗigawa a ido. Mata kuwa, ungozoman da gari ya riga ya sani ya yarda da su, su anka kira gidan likita kamar kwana goma ko mako biyu.

Abin da anka koya masu ba shi da yawa, amma ya tsare rayuka. Su wanke hannu da sabulu. Su yanke cibi da sabuwar reza, su ɗaure da zare mai tsabta, kada a shafa mashi komi sai maganin likita. Su ɗiga ma jariri magani a ido. Mace ta haihu bisa tabarma ko zane mai tsabta, a bar haihuwa kan turɓaya. Babban abin da ya sake kuwa shi ne, anka ce ungozoma ta daina jiran kukan jariri, ta zo tun naƙuda na farawa, ta zauna, ta lura, in ta ga abin ya daɗe ko jini ya ɓalle ta sa a ɗauki mace zuwa likita. Kowace ta koma gida da ɗan akwatinta. Ba su da albashi, sai abin da masu haihuwa sunka ba su bisa al'ada: hatsi, sabulu, da rabonsu na naman suna.

Wanga aiki ya yi suna har waje. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke ce ma O.M.S., ta buga littafi a kan ƙasashen da talakawa ke riƙe da lafiyarsu da hannunsu, ta ware babi guda a kan ƙauyukan jahar Maraɗi, tare da labarin manyan ƙasashe irin su Sin, Indiya, Kuba da Tanzaniya. Bayan shekara 3, a 1978, ƙasashen duniya sunka taru a Alma-Ata sunka yarda cewa lafiya daga ƙauye take farawa. Zamanin Seyni Kunce anka baza tsarin sakuris da ungozomai ko'ina cikin ƙasa. Ku da ke birni, in kun ji wani yana raina tsofaffin ƙauye, ku tuna mashi da wanga.

Shekarun wuya

Sai dai abin bai ɗore yadda anka so ba. Yunwar 1973 zuwa 1974 ta zo, ta 1984 da muke ce ma El Buhari ta biyo. Kuɗin iraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe. Motar da ke zagayawa duba ungozomai ta rasa mai, akwatuna sunka ƙare ba a sake cika su ba, tsofaffin da anka koya ma sunka mutu ba a koya ma wasu ba. Aikin da ba lada ba mai dubawa, ko wane ne shi gaji. A 1987 anka yi taron Bamako, inda anka kawo tsarin cewa marar lafiya shi biya wani abu don magani shi samu a gidan likita. A watan Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, magani ya ƙara tsada. Talaka ya koma ma sassaƙe da ƴan tallan ƙwayoyi. Binciken da anka yi a ƙasa baki ɗaya a 1992 ya nuna cikin ɗiya 1000 da anka haifa, 318 ba su kai shekara 5. Kusan ɗaya cikin uku ke nan.

Duk da haka, a cikin shekarun nan ne anka fara allurar rigakafi ta yau da kullum, daga 1987, har da ta mata masu ciki. In uwa ta sami allurar tetanos sau biyu kafin ta haihu, kariyar tana bin jini ta kai ga ɗan da ke ciki, ya zo duniya da garkuwarshi.

A cikin shekarun nan kuma likitoci sunka gano wasu abubuwa game da al'adunmu. A Zariya cikin shekarun 1970, da Yamai cikin shekarun 1980, sun lura da masu jego da yawa da ke zuwa da kumburin ƙafafu da fuska da sarƙewar numfashi, zuciyarsu ta gaza. Likitocin Zariya sun danganta yawan abin da kanwa da zafi: kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma yana ƙara ma zuciya aiki. Wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, kunu ba laifi, yawan kanwar da tafasasshen ruwan ne abin gudu. Haka dakashi da muke zubarwa, an tabbatar shi ne rigakafin farko na jariri. Cire beli kuma yana jawo zubar jini da shigar cuta, alhali belin ba ya hana yaro komi.

Wani darasi mai ɗaci ya fito a shekarun 1990. An ga cewa ungozoma, komi iyawarta, tana iya tsare cibi, amma abu uku sun fi ƙarfinta: jinin da ya ɓalle bayan haihuwa, wanda kan iya kashe mace cikin awa 2, ɗan da ya gicciye ko ya fi ƙarfin ƙugu, wanda sai fiɗa, da jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa. Waɗanga su ke kashe uwaye. Doguwar naƙuda kuma, in ba ta kashe ba, ita ke barin yarinya da yoyon fitsari, musamman wadda anka aurar ƙugunta bai gama girma ba. Yankan gishiri da ake yi da nufin buɗe hanya shi ma yana jawo wanga ciwo, kuma tun 2003 dokar ƙasa ta hana yanke wani abu a jikin ɗiya mace. Daga nan aikin ungozoma ya sake kama: ta zama mai gano masu ciki, mai tura su awo, mai raka su gidan haihuwa, mai kula da su bayan sun dawo.

Ƙananan gidajen likita da magani kyauta

Zamanin Tanja Mamadu anka gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, kusan 2000 tsakanin 2000 da 2007. Bayan yunwar 2005, wadda ta cika asibitocin Maraɗi da yara masu tamowa, gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. An raba gidajen sauro masu magani. Wani binciken da anka buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Kyautar ta yi ta samun tangarɗa, don gwamnati kan yi jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, magani shi yanke, amma ba mai musun cewa an ga sauƙi.

A Damagaram, tsakanin 2007 da 2008, anka fara abin da ake ce ma makarantar mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, don an gane cewa sau da yawa miji ne ƙofar da ke rufe tsakanin mace da likita. A 2012 anka buɗe asibitin gyaran yoyon fitsari a Danja, kudu da Maraɗi, mata da yawa da anka guda sun warke sun koma cikin mutane. A 2016 kuma O.M.S. ta shaida cewa Nijar ta ci ƙarfin tsinkau-tsinkau na jarirai, ma'ana bai kai ɗaya cikin haihuwa 1000 ba a kowane yanki. Cutar da ta cinye ɗiyan kakanninmu, reza da sabulu da allura sunka karya ta. Amma ƙwayar tana nan cikin ƙasa, in anka yi sakaci za ta dawo.

Abin da ya rage namu

Shi wancan binciken na 2012 ya nuna wani abu kuma. Yaran da sunka wuce wata guda su sunka fi samun sauƙi, mutuwar jarirai cikin watan farko ba ta ragu sosai ba. Watau wurin da ya fi haɗari har yanzu shi ne ranar haihuwa da makon suna. Kuma a nan ne laifinmu, mu ƴan ci-rani, yake fitowa. Mukan tashi bayan kaka mu bar mace da ciki, ba mu bar izini ba, ba mu bar kuɗin mota ba. Naƙuda ta zo da dare, ana jiran a sami miji a tarho, ana jiran a ga abin da gari zai waye da shi, ana neman bashi, ana neman shanun amalanke, in damina ce gulbi ya kawo ruwa ya datse hanya. Kafin a isa likita, aikin gama ya gama.

Don haka muke roƙon kowane magidanci, kafin shi ɗaura kaya, shi tara mahaifiyarshi da ƙanenshi da ungozomar gari shi faɗa a gabansu cewa ya yarda a kai iyalinshi awo da haihuwa ba sai an nemi bakinshi ba. Shi aje wani abu daban a hannun amintacce, na mota da na magani, kada a taɓa shi don ragon suna. Awon ciki a fara shi da wuri, don can ake ba da allurar tetanos, da ƙwayar ƙarin jini, da ta rigakafin zazzaɓin sauro, can kuma ake auna jini a gane mai hawa.

Iyayenmu mata, ku ke da ɗaki ran haihuwa, maganarku ake ji. Kada rana ta fito sau biyu a kan mai naƙuda tana gida. In kun ga jini, ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, ko jijjiga, ko zazzaɓi bayan haihuwa, ba jira. Jariri kuma a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa a lulluɓe su tare, a jinkirta wanka sai washegari, a sa shi a nono cikin awa ta farko shi sha dakashinshi. Nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko da zafin bazara, in dai uwa na sha tana ci. Cibi a bar shi a bushe da tsabta. In ya ƙi nono, ko jikinshi ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinshi ya yi sauri, a kai shi likita ran nan.

Ungozomanmu da sunka rage, kada mu manta da su. Tsofaffin da sunka tafi koyo da ƙafa sunka dawo da akwati a ka, ba su ci albashin kowa ba, kuma da yawa cikinmu hannunsu ne ya yanke mana cibi. Wanda ya zo gida da tsaraba shi tuna da su. Muna kuma roƙon a sa maganar asusun ɗaukar mai naƙuda cikin abin da za a tattauna a zaman ƙungiya mai zuwa, kowane reshe shi zo da shawararshi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah shi sauki masu ciki lafiya, shi raya abin da anka haifa, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, shi maido da matafiya gida lafiya. Amin.